Na sha wiwi a jami'a: zan iya samun izinin ganin sirrin gwamnatin Amurka?

Tambayar da aka aiko, a taƙaice: "Ina zaune a jihar Maryland, shekara 4 ke nan da na zama ɗan ƙasar Amurka. Wani kamfani mai kwangila da Ma'aikatar Tsaro ya ɗauke ni aikin kula da kwamfutoci, amma sai na samu izinin ganin bayanan sirri a matakin Secret. Lokacin ina jami'a na sha wiwi jefi-jefi da abokai, rabona da ita wata 14. Ba a taɓa kama ni ba. Wani abokina ya ce in rubuta 'a'a' kawai, tunda babu wanda ya sani, kuma ai a Maryland ba laifi ba ne. Yaya zan yi?"

Ƙanena, eh, kana iya samu, kuma masu tarihi irin naka da yawa sun samu. Amma ba ta hanyar da abokinka ya nuna maka ba. Na daɗe ina zama da ma'aikatan kamfanonin kwangila muna bin fom ɗin neman wannan izini layi-layi, kuma abin da na fi ganin yana kayar da mutane ba hayaƙin da suka zuƙa suna 'yan shekara 20 ba ne. "A'a" ce da suka rubuta a gurbin da ya kamata su rubuta "eh". Wiwin jami'a tsufa take yi, duk watan da ya wuce nauyinta na raguwa. Ƙaryar kan fom kuwa ba ta tsufa, domin duk ranar da ka sake cike fom ba ka gyara ta ba, sabuwa take komawa.

Mu fara da maganar cewa a Maryland ba laifi ba ne. Gaskiya ne tun 1 ga Yulin 2023 duk mai shekara 21 zai iya shiga shago a jihar ya sayi wiwi ido na ganin ido. Colorado da Washington ne suka buɗe wannan ƙofa a 2012, jihohi sama da 20 suka bi sahu. Sai dai ba jihar Maryland ce za ta ba ka izinin ba, gwamnatin tarayya ce, kuma da dokarta take awo. Dokar tarayya ta kayan maye ta 1970 ta sa wiwi a rukuni na ɗaya, mafi tsanani. A 2024 Ma'aikatar Shari'a ta fito da shawarar a sauko da ita rukuni na uku, kuma za ka riƙa jin labarin hakan a kafafen yaɗa labarai. Kada ya ruɗe ka. Kayan rukuni na uku ma doka ta killace su, ba a shan su don nishaɗi. Tun Oktoban 2014 shugaban hukumomin leƙen asiri na lokacin, James Clapper, ya rubuta wa hukumomi cewa sauyin dokar jihohi bai sauya ƙa'idojin ba da izinin sirri ba. Shi kansa fom ɗin ya faɗa ƙarara cewa bisa dokar tarayya ake tambayarka, ko da jiharka ta halatta.

Ka kuma gane cewa ba a kotu kake ba, inda sai an kawo hujja a kanka. A shari'ar Ma'aikatar Sojin Ruwa da Egan a 1988, Kotun Ƙoli ta ce babu mai haƙƙin a ba shi izinin sirri, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce duk inda aka yi shakka, tsaron ƙasa ne ke rinjaye. Ba tarbiyyarka ake aunawa ba, ba kuma hukunta ka ake son yi ba. Abu uku ake son sani: shin mutumin nan yana bin doka ko da bai yarda da ita ba, shin yana faɗin gaskiya ko da za ta jawo masa asara, kuma shin yana da wani ɓoyayyen abu da wani zai riƙe masa wuya da shi.

Fom ɗin da za ka cike shi ne SF-86, ta intanet a manhajar eApp, kuma hukumar DCSA ta Ma'aikatar Tsaro ce ke yin binciken yawancin ma'aikatan kwangilar tsaro tun 2019. Sashe na 23 ne na kayan maye. Babbar tambayar tana komawa shekara 7 baya: ka sha wani abin da dokar tarayya ta hana? Ta biyu, ita ma shekara 7, tana tambayar saye, sayarwa, nomawa, safara ko karɓa. Mutane da yawa sukan amsa ta farko da gaskiya su tsallake ta biyu, alhali sun taɓa haɗa kuɗi aka sayo. In ka taɓa ba da ko dala 10, wannan saye ne, ka rubuta. Akwai kuma tambayoyin da ba su da iyakar shekaru: ka taɓa sha kana riƙe da izinin sirri, ko kana aikin ɗan sanda, ko wani aikin da rayukan jama'a ke hannunka, ko an taɓa tura ka neman magani saboda shaye-shaye. A saman sashen akwai alkawari a rubuce cewa amsar gaskiya da ka bayar a nan ba za a yi amfani da ita a matsayin shaida a kanka a shari'ar laifi ba. Wato gwamnati da kanta ta cire maka tsoron ɗauri don ka buɗe baki. An amince da wani sabon fom a ƙarshen 2023 wanda ya raba wiwi da sauran ƙwayoyi, ya taƙaita babbar tambayarta ga kwana 90 na baya. Idan shi aka turo maka, to madalla. Idan tsohon ne, tambayar da ke gabanka za ka amsa, ba wadda ka ji labarinta ba.

Mai yanke hukunci yana aiki da ƙa'idoji 13 da ke cikin umarnin SEAD 4, wanda ya fara aiki a Yunin 2017. Ta kayan maye ita ce ƙa'ida ta H, kuma ba ta tsaya ga lissafa abubuwan damuwa ba, ta faɗi abin da ke wanke mutum. Na farko, abin ya daɗe da wucewa, ko bai yi yawa ba, ko ya faru a wani yanayi da ba zai maimaitu ba. Na biyu, mutum ya amsa abin da ya yi, ya kuma nuna matakan da ya ɗauka: ya rabu da abokan sha, ya bar wuraren da ake sha, ya sa hannu a takardar alkawarin cewa ya daina, tare da yarda cewa in ya koma a ƙwace izinin. Ka ga labarinka ya zauna daidai a nan. Ɗalibi ne kai, karatu ya ƙare, an watse. Sannan a Disambar 2021 Avril Haines, wadda ke riƙe da kujerar Clapper a lokacin, ta fitar da ƙarin bayani cewa shan wiwi na nishaɗi a baya abin dubawa ne, amma ba shi kaɗai zai yanke hukunci ba. Dole a dubi mutum gaba ɗayansa: shekarunsa lokacin da ya sha, yawan shan, rabonsa da shi, da yadda rayuwarsa ta kasance tun daga nan.

Kowa so yake a faɗa masa adadi: wata nawa ne ya isa? Ƙa'idar ba ta yanka adadi ba, duk wanda ya ce maka akwai lamba a rubuce bai karanta ta ba. Abin da ke rubuce a doka shi ne wani gyaran doka na 2008 da ake kira gyaran Bond, wanda ya hana a ba da izini ga wanda yake sha a halin yanzu ko wanda shan ya zame masa jiki. Kai ba ka cikin waɗannan. A aikace, shekara guda ita ce inda masu yanke hukunci suka fi sakin jiki, kuma ka haye ta. Sai dai wata 14 ba nauyi ɗaya gare shi ga kowa ba. Ga wanda ya sha sau 20 cikin shekara 3, ya wadatar a ganina. Ga wanda ya yi shekara 5 kullum sai ya busa kafin ya yi barci, yana iya zama kaɗan, kuma za a so a ga wani abu ƙari, kamar rahoton likitan da ya duba shi ya ce ba shi da matsalar shaye-shaye. "Jefi-jefi" da ka rubuto mini ba adadi ba ne, zan dawo kansa.

Kada ka cakuɗa wannan da dokokin ɗaukar aiki na kowace hukuma, waɗanda daban suke. FBI ta rage nata sharaɗin daga shekara 3 zuwa shekara 1 a 2021, CIA kuma ta sauko zuwa kwana 90 a 2022. Waɗannan ƙofar shiga ce kawai, haye ta ba ya nufin an ba ka izini. Haka kuma hukuma na iya cewa ba ka dace da aikinta ba ko da ka cancanci izinin. A Maris na 2021 fadar White House ta tabbatar da cewa ma'aikatanta 5 sun rasa aikinsu a kan abin da ya haɗa da shan wiwi a baya, a gwamnatin da ake ganin tana da sassauci a kan batun. Kai da za ka yi wa kamfanin kwangila aiki a matakin Secret, hanyarka ta fi tasu sauƙi.

Akwai layi guda da in ka ƙetare, duk abin da na faɗa a sama ya rushe. Daga ranar da ka sa hannu a SF-86, ko zuƙa ɗaya kada ka yi. Takardar Haines ta ambaci wannan rana musamman. Dalilin a bayyane yake: kafin ka sa hannu kana iya cewa ƙuruciya ce, ko ka ɗauka tunda jiha ta halatta shi ke nan. Bayan ka karanta fom ɗin ka sa hannu, wannan uzuri ya ƙare, ka sani ka take. A hukunce-hukuncen da ake wallafawa, wanda ya sha bayan ya cike fom, ko yana riƙe da izini, shi ne ya fi shan ƙasa, ko da sau ɗaya ne a wajen biki. Haka wanda aka tambaya ko yana da niyyar sha nan gaba ya ce "sai dai in an halatta", ko "ban sani ba tukuna". Rashin yanke magana a kan dainawa shi kansa dalili ne na hanawa a ƙa'ida ta H. In har a ranka ba ka gama da ita ba, gara ka nemi aikin da ba ya buƙatar izini, akwai su da yawa a fanninka.

Yanzu yadda za ka rubuta. Fom ɗin zai tambaye ka wata da shekarar da ka fara, wata da shekarar da ka yi na ƙarshe, yadda kake sha, sau nawa, da niyyarka ta gaba. Kafin ka buɗe shi, ɗauki biro da takarda ka bi karatunka zango-zango. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne lissafi. Mutum ya rubuta "kusan sau 10", sai a wajen hira ya ce yana sha kamar sau 2 a wata tsawon shekara 3. Mai bincike ya buga a gabansa: 72. Mutumin bai yi niyyar ƙarya ba, amma a takarda ta zama ƙarya. In kana shakka tsakanin 25 da 40, rubuta 40 ka ce kiyasi ne. Babu wanda za a hana izini don ya ɗan ƙara, amma ragewa tana kama da ɓoyewa. Da Turanci za ka rubuta, ma'anar ta zama kamar haka: "Na fara sha a shekarata ta biyu a jami'a. Ina sha sau 1 zuwa 2 a wata a taron ɗalibai, jimilla kusan sau 40 bisa kiyasi. Sau 3 na ba da kuɗi aka sayo, ban taɓa sayarwa ba. Na daina a watan da na gama karatu. Ba na hulɗa da waɗanda muke sha tare, kuma ba zan sake ba." Iyakarsa ke nan. Kada ka yi wa'azi a kan cewa barasa ta fi wiwi illa, kada ka yi ta neman gafara shafi guda. Ka kuma shirya takardar alkawarin dainawa, mai kwanan wata da sa hannunka, tun kafin a nema.

A matakin Secret yawancin binciken na duba rumbunan bayanai ne, amma "eh" a sashe na 23 kan jawo a kira ka hira. Kada gabanka ya faɗi, haka tsarin yake. Mai binciken zai nuna maka katin shaidarsa, ku zauna a wani ƙaramin ɗaki ko ta bidiyo, fom ɗinka a gabansa. Tambayoyinsa ƙanana ne, a jere suke zuwa: wa ya kawo, a gidan wa, nawa ka biya, ka taɓa tuƙi bayan ka sha, ka taɓa zuwa aiki a buge, yaushe rabonka da wane, wa ya san da wannan. Zai iya maimaita tambaya ɗaya ta wata fuska bayan minti 20. Ba shi ne zai yanke hukunci ba, rahoto kawai zai rubuta. Wanda zai yanke bai taɓa ganin fuskarka ba, bai ji muryarka ba, takardu biyu ne a gabansa: abin da ka rubuta da abin da ka faɗa. In sun yi daidai, rabin aikin ya ƙare.

Tambayar "wa ya sani" ta fi taɓa mu fiye da yadda take taɓa Ba'amurken da iyayensa ma suna sha. A gidajenmu, a ce da yaro ɗan wiwi ba ƙaramin tabo ba ne, yana iya ɓata maganar aure, ya sa mahaifi ya kasa ɗaga kai a masallaci. Mai binciken zai tambaye ka ko wani zai iya tsorata ka da tona wannan asiri har ka yi abin da bai kamata ba. In gaskiyar magana ita ce za ka yi komai don kada Baba ya ji, to akwai rauni a nan, kuma ya fi wiwin kanta damun gwamnati. Ba ina cewa ka tara dangi ka yi shela ba. Amma matarka in kana da aure, ko wani yayanka da kake girmamawa, ya kamata su ji daga bakinka, yadda za ka iya cewa da zuciya ɗaya: makusantana sun sani, kuma in wani ya zo mini da barazana, ofishin tsaro zan kai shi.

To, me zai faru in ka bi abokinka? Ba zan rufe ka ba: akwai waɗanda suka rubuta "a'a" a matakin Secret suka wuce. Amma ka dubi abin da suka saya wa kansu. Ƙarya da gangan a wannan fom laifi ne a ƙarƙashin sashe na 1001 na kundin laifuffukan tarayya, hukuncinsa na iya kai shekara 5 a gidan yari. Ba kasafai ake gurfanar da mutum ba, abin da aka fi yi shi ne a koma ƙa'ida ta E, ta halin mutum da gaskiyarsa, wadda ta fi ta H wuyar wankewa nesa ba kusa ba. Kuma "babu wanda ya sani" ba gaskiya ba ne, ai ba kai kaɗai ka sha ba. Fom ɗin na neman adireshin duk inda ka zauna cikin shekara 10, da mutum 3 da suka san ka sosai. A bincike mai zurfi, kowane ɗaya daga cikinsu akan tambaye shi wa kuma ya san ka, a bi wannan sunan. Tsohon abokin ɗakinka zai yi dariya ya ce "ai duk mun sha", yana ganin taimakonka yake yi. Akwai takardar asibiti inda ka gaya wa nas gaskiya. Akwai hoton da wani ya ɗora a Instagram, kuma tun 2016 an yarda masu bincike su duba abin da ke fili a shafukan sada zumunta.

Babban tarkon ma yana gaba. Aikin kwamfuta ciyar da mutum gaba yake yi. Bayan shekara 4 ko 5 za a ce ana son ka a wani aiki mai buƙatar Top Secret, matakin da ke sama da Secret, wataƙila na hukumar leƙen asiri ta NSA ko CIA, inda ake ɗaura wa mutum na'urar gano ƙarya a tambaye shi batun ƙwayoyi da kuma ko ya taɓa ƙarya a fom. A lokacin wiwin ta kai shekara 6, da ka faɗe ta tun farko babu mai waiwayarta. Amma ga ƙarya a kan takarda da sa hannunka, ga mata da 'ya'ya da bashin gida sun rataya a kan aikin. Nan ne ake rasa sabon izinin da tsohon gaba ɗaya. Ga wanda ya riga ya yi wannan kuskure yake karanta amsar nan: ƙa'ida ta E tana sassauta wa wanda ya gyara da kansa, da wuri, kafin a tare shi da hujja. Bayan an ajiye masa takarda a gaba, gyaran ba ya da daraja sosai.

Wasu ƙananan abubuwa da ke shammatar mutane. Man CBD, wani sinadari da ake tatsa daga tsiron wiwi, da alewarsa da ake sayarwa a gidajen mai: dokar noma ta 2018 ta yarda da abin da THC ɗinsa, wato sinadarin da ke bugarwa, bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, amma abin da aka rubuta a kwalba ba kullum yake daidai da abin da ke ciki ba, kuma in gwajin fitsari ya nuna, "CBD na sha" ba ya fid da mutum cikin sauƙi. Ka bar su kawai. Katin wiwi na magani da jiha ke bayarwa, kada ka ɗauke shi a matsayin kariya. Sayen hannun jari kai tsaye a kamfanin wiwi na Amurka abin dubawa ne, amma ba a kama mutum da abin da ke cikin babban asusun fansho da ba shi ke zaɓar kamfanonin ba. In abokin zamanka a gida yana sha, ka nemi wani gida. Abokai kuwa, ba a ce ka yanke gaisuwa da duk wanda ya taɓa busawa ba, amma in an kunna a inda kake, tashi ka bar wurin, kuma ka iya faɗin cewa haka kake yi.

In ka sha a wata ƙasa, ka rubuta. Kanada ta halatta tun Oktoban 2018, amma dabarar "a can ba laifi ba ne" ba ta burge masu yanke hukunci, gara ka faɗa ka bayyana inda ya faru. In a gida Najeriya ne ko Nijar lokacin hutu, can ma haramun ce a doka, babu ma abin muhawara. Ka tuna sashen yana tambayar shan maganin asibiti ba bisa ƙa'ida ba. Tiramadol ko maganin tari mai kodin da aka sha don a ji garau, shi ma a nan yake shiga.

Game da kamfanin: jami'in tsaronsu zai duba fom ɗinka ya ga ko ka cike ko'ina, kuma ƙa'ida ta hana a yi amfani da abin da ke ciki don wata manufa daban a kamfanin. Abin da za ka shirya masa shi ne jinkiri. Akwai izinin wucin gadi da ake ba wasu su fara aiki kafin a gama bincike, kuma mai "eh" na kwanan nan a sashe na 23 yana iya rasa shi. Rasa na wucin gadi ba hanawa ba ne. Tun yanzu ka tambayi kamfanin ko suna da aikin da ba na sirri ba da za ka riƙa yi kafin hukunci ya fito. Ina ma zaton abin da zai fi cin lokaci a fayil ɗinka ba wiwi ba ce, sassan da ke tambayar iyaye da 'yan'uwa a ƙasar waje ne, da kuɗin da kake aikawa gida, da fasfo na biyu, da fili in ka saya. Su ma ba sa hanawa su kaɗai, amma ka ba su kulawar da ka ba wannan.

In aka yi niyyar hana ka, ba a rufe ƙofa haka kawai. Za a aiko maka da takardar dalilai, kana da kwana 20 ka amsa, kuma kana iya neman zama gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraron irin waɗannan ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro. Ka nemi zaman, kada ka yarda a yanke a kan takarda kawai, domin a nan ne karon farko da mai hukunci zai gan ka ya ji ka. Ofishin yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunaye ba, ka karanta goma na ƙa'ida ta H, za ka ga da idonka su wa ke tsira. In an hana, sai bayan shekara 1 a sake nema, kuma duk fom na gaba zai tambaye ka ko an taɓa hana ka. Shi ya sa da wata 2 ne rabonka da ita, da na ce ka roƙi kamfanin a ɗan jinkirta.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne kaɗai ya sa na dakata da na karanta tambayarka. Ka ce shekara 4 ke nan da ka zama ɗan ƙasa, ka daina sha wata 14 da suka wuce, amma ba ka faɗi lokacin da ka fara ba. In ta hanyar iyayenka ka samu kana ƙasa da shekara 18, ko kuma bayan ka yi rantsuwa ne ka fara sha, babu komai. Amma in da kanka ka cike fom N-400 na neman zama ɗan ƙasa, akwai tambaya a ciki ko ka taɓa aikata laifin da ba a kama ka a kansa ba, kuma a Afrilun 2019 hukumar USCIS mai kula da shige da fice da ba da shaidar zama ɗan ƙasa ta bayyana cewa karya dokar tarayya a kan wiwi na iya hana a shaidi mutum da kyawun hali, ko da jiharsa ta halatta. In ka fara sha kafin ranar rantsuwa kuma ka amsa "a'a" a can, to ranar farawa da za ka rubuta a SF-86 za ta ci karo da waccan amsa. Alkawarin da ke saman sashe na 23 shari'ar laifi ya ambata, batun zama ɗan ƙasa wani fage ne daban. Ba ina cewa za a karɓe maka fasfo ba, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Kuma maganinsa ba shi ne ka matsar da ranar farawa gaba ba, wannan ƙarya ta biyu ce a kan ta farko. Ka nemo kwafin N-400 ɗinka da takardar shaidar zama ɗan ƙasa, ka ajiye su kusa da lissafin zangunan da ka yi. In ranar farawa ta riga ranar rantsuwa, ka kai takardun duka wajen lauyan shige da fice, wanda ya san harkar izinin sirri in da hali, kafin ka aika komai ta eApp.